Motar marayu tana kwana a bakin layi, ƙanin mijina ya ce ban yarda da shi ba

Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, muna zaune a Kaduna. Maigidana ya rasu bara, ya bar mana Hilux da ya saya ta hannu, irin wadda ba a zura mata makulli, maɓalli ake dannawa ta tashi. Da aka zo rabon gado, ni da mahaifiyarsa muka amince kada a sayar da ita, a ci gaba da ba da ita haya ga kamfanoni da ƙungiyoyin da ke zuwa aiki ƙauyuka. Da kuɗinta muke ci, da shi nake biyan kuɗin makaranta. Ƙaninsa ne ke tuƙa ta tun yana raye, kuma a ƙofar gidan da yake haya take kwana, a bakin layi, don gidan ba shi da get.

Watan jiya aka sace motar maƙwabcinsa cikin dare, ita ma mai maɓalli ce. Ba a fasa gilashi ba, ba wanda ya ji motsi, kuma makullanta biyu suna cikin gida. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na ce masa a sa wa tamu tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, kuma ta riƙa kwana a gidana tunda akwai get. Sai ya ɓata rai, ya ce yayansa bai taɓa bin sawunsa ba, in ban yarda da shi ba in karɓi makullina, Allah ne mai tsarewa. Ya kai maganar wurin Hajiya, mahaifiyarsu, yanzu ita ma sama-sama take amsa gaisuwata. Wata ƙawata ta ce in sa a maƙala tirakar a ɓoye ranar da aka kai motar juyen baƙin mai. Malam, ban taɓa kama shi da ha'inci ba, amma dukiyar marayu ce. Yaya zan yi?

Uwar marayu, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ya kuma ba ki ikon riƙe wannan amana.

Tsoronki ba na banza ba ne. Hilux mota ce da ɓarayi ke so, don ba ta kwantai a kasuwa, ko a sayar da ita yadda take, ko a farfasa ta a sayar da kayan. Wadda take kwana a bakin layi, makullinta na ɗakin da bango ɗaya ya raba shi da titi, tana cikin haɗari na gaske. Shi ma ƙanin mijinki ɓacin ransa yana da tushe, zan zo kansa. Shawarar ƙawarki kuwa ki ajiye ta gefe.

Bari in fara da yadda ake sace irin waɗannan motoci, domin a nan maganin rigimarku yake. Mota mai maɓalli, da zarar an taɓa hannun ƙofarta sai ta aika da wani raunannen sigina tana cigiyar makullinta. Siginar ba ya wuce taku biyu ko uku. In makullin yana kusa sai ya amsa, ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli ta tashi. To ɓarayin yanzu su biyu suke zuwa. Ɗaya ya tsaya jikin mota da wata na'ura, ɗayan ya bi jikin bango ko taga riƙe da 'yar'uwarta. Ta farko ta ɗauki kiran motar ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta shigar da shi cikin ɗaki, makullin da ke rataye a ƙusa ya ji ya amsa, don shi bai san nisa ba. Cikin minti ɗaya ko biyu an gama, ba a taɓa ƙofar gida ba. Kuma in mota ta tashi ba ta mutuwa don ta yi nisa da makulli, ƙara kawai take yi. Masu ƙera ta da gangan suka yi haka, don kada batirin makulli ya ƙare mota ta mace wa mutum a tsakiyar titi yana gudu. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tun 2016 take gwada wannan dabara a kan ɗaruruwan motoci, 'yan kaɗan ne suka tsira.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi damuna a kan motarku. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16, ana ce mata OBD, inda makanike ke jona kwamfuta ya duba lafiyar inji. Ta wannan kafar ake koya wa ƙwaƙwalwar mota sabon makulli. Wanda yake da na'urar kuma ya samu 'yan mintoci shi kaɗai da mota, a wurin wanki ko a gareji, zai iya yi wa kansa nasa, ya bari sai bayan sati uku ya zo ya ɗauke ta a natse. Tunda kuma ta hannu maigidanki ya saya, yana yiwuwa akwai makullin mai ita na farko da motar ba ta manta da shi ba har yau. Hanya ta uku ta fitilar gaba ce. A 2022 an sace wa wani masanin tsaron na'urorin mota motarsa Toyota RAV4 a Landan, kuma kafin satar sau biyu yana tarar da an ɓamɓare bamba an taɓa wayoyin fitila. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna ta wayoyin fitilar ɓarayin suke aika wa ƙwaƙwalwar motar saƙon ƙarya cewa makulli ya amsa. Saboda haka ranar da aka wayi gari aka ga bamba a ɗage ko fitila ta goce, kada a ce aikin yaran unguwa ne.

Ki lura, duk hanyoyin nan uku ba wadda take buƙatar direba ya zama maha'inci. Yana barci a ɗakinsa, makulli a aljihun rigarsa, za a tafi da motar. Wannan shi ne abin da bai kai kunnensa ba. Ke kin ce tiraka, shi kuma abin da ya ji shi ne za a riƙa kallon inda ya je da inda ya tsaya.

Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. Tunda marigayi ya bar 'ya'ya maza, ɗan'uwa ba shi da gado. Ke kina da tumuni, Hajiya tana da sudusi, sauran na yara ne. Wato kullum yana fita da asuba, yana cin ƙurar hanya, a cikin motar da ko taya ɗaya ba shi da shi, kuma jarinsa kaɗai a wannan harka shi ne an yarda da shi. Ga rashin yayansa bai gama sakinsa ba. In aka zo masa da maganar tiraka da sauya wurin kwana a zama ɗaya, daga bakin matar yayansa, dole ya ji kamar an ce masa yardar ta ƙare da rasuwar mai yarda. Ban ce ya kyauta da ya ruga wurin Hajiya kafin ku gama magana ba, bai kyauta ba. Amma wanda yake shirin cuta ba ya cewa a karɓi makulli, lallaɓawa yake yi.

Tirakar ɓoye kuwa ba ta ɓoyuwa. Mai gyaran wutar da ya maƙala ta abokin hulɗar direba ne, ba naki ba, kuma ko bai faɗa ba, ranar da batir ya yi sanyi aka bi wayoyi za a gan ta. A ranar kin tabbatar masa da zargin da yanzu ƙarya ne, kuma ba ki da bakin magana gaban Hajiya. Ban da haka, in aka yi sata ƙarfe biyun dare, wa zai tashi ya bi 'yan sanda? Shi ne. Na'urar da mutumin da zai yi aiki da ita bai san da ita ba, rabin amfaninta ya tafi.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ki fara da Hajiya, ki je da ƙafarki, kada ki yi ta waya. Ki tafi da yaran. Kada ki ɗauko zancen wa ya ce me. Ki ce mata motar nan rabonta na ciki, abincin jikokinta na ciki, kuma in aka sace ta a ƙofar ɗanta, shi mutane za su sa a baki ko da ba shi da laifi, kuma shi 'yan sanda za su fara riƙewa. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba, direban da mota ta ɓata a hannunsa shi ake fara tuhuma. Tiraka shaida ce a gare shi, za ta nuna ƙarfe nawa motar ta motsa da inda ta bi. Daga nan ki nemi a yi zama ku uku, da wani babba da yake jin nauyinsa, baffansu ko limamin da ya yi muku rabon gado. Da ya ce Allah ne mai tsarewa gaskiya ya faɗa, kuma amsarsa tana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Sai dai kada ya fito daga bakinki. In kika karanta masa, gardama kika ci, ba mutum ba. Ki bar wa liman.

A zaman, ki miƙa masa aikin a hannunsa. Ki ce shi ya san mota, shi zai nemo kayan, shi zai tsaya a kan mai sa su, ke kuɗi za ki fitar daga kuɗin haya. Kuma kada ku fara da tiraka. Ni a ganina ita ce ta ƙarshe a layi, don ba ta hana sata, bin sawu kawai take yi bayan an yi.

Abin da za a fara yau ba ya cin ko kwabo. Makulli ya daina kwana kusa da ƙofa ko taga, a sa shi cikin gwangwani mai murfin ƙarfe da ke rufuwa ruf, ko cikin 'yar jakar da ake sayarwa don toshe sigina. A gwada: a je jikin mota da gwangwanin a rufe, a taɓa hannun ƙofa. In ta buɗe, gwangwanin bai yi ba, a sauya. Makulli na biyu da ke wurinki shi ma haka, musamman in motar ta dawo kwana gidanki, mutane da yawa a nan suke mantuwa. Yawancin makullan Toyota na wannan zamani ana iya kwantar da su: a danne maɓallin kullewa, yana danne a danna na buɗewa sau biyu, 'yar fitilar makullin ta yi walƙiya sau huɗu. Daga nan ba ya jin kiran mota sai an sake danna wani maɓalli. Shi ma a gwada a jikin motar a tabbatar naku yana yi. Sannan duk inda ya kulle mota, a kasuwa ko a masallacin Juma'a, ya tabbatar ta kullu da idonsa da kunnensa kafin ya juya baya, don akwai masu na'urar da ke toshe saƙon rimot, mai mota ya tafi yana zaton ya kulle. A wurin wanki da gareji kuma ya tsaya a kanta, kada ya bar makulli ya tafi cin abinci.

Sai ƙarfe. Duk wayon ɓarawon kwamfuta, ba ya son abin da zai sa shi fito da zarto ya yi ƙara. A sayi makullin sitiyari mai kauri, wanda yake rufe sitiyarin gaba ɗaya ya fi sandar nan da ake ratsawa, don ita ana yanke bakin sitiyarin a zare ta. A ƙara da na birki ko na giya. Amfaninsa tun daga nesa yake farawa, mai leƙe ya hango ya wuce gaba. Akwai kuma murfin ƙarfe mai kwaɗo da ake rufe kafar OBD da shi. Bayan haka a samu mai gyaran wutar mota guda ɗaya wanda aka sani aka san gidansa, ya sa ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar famfon mai ko ta sitata, a wurin da ba ƙarƙashin sitiyari ba, don can kowane ɓarawo yake fara lalube. Aikin ya zama mai tsabta, da fis, domin wayarin na ganganci yana ƙona mota. Wurin makunnin mutum uku kawai za su sani: ke, shi, da wanda ya sa. Ki ga nan ma kin nuna masa yarda a aikace. A wannan fitar dai, a kai ta wurin wakilan Toyota ko ƙwararren da ke da kwamfutar, a duba makulli nawa ƙwaƙwalwar ta sani, a goge duk wanda ba ya hannunku. A tafi da duka biyun ranar.

Maganar wurin kwana ita ce mafi nauyi, kuma a nan ba zan goyi bayansa ba. Bakin layi ba wurin kwanan motar da gida biyu suka dogara da ita ba ne. Amma ki duba abin da kike nema daga gare shi: ya ajiye mota da dare ya nemi abin hawa zuwa gida, ya sake fitowa da asuba. Kuɗin wannan zirga-zirga a cire shi daga kuɗin haya, a faɗa a gaban kowa, kada ya zama sai ya roƙa. In kuma yana jin nauyin shiga gidanki da dare, wanda abin a fahimta ne ga matar da ba ta daɗe da fita takaba ba, to a nemi gida mai get da mai gadi kusa da shi, ko gidan mai da ke karɓar ajiyar motoci, a riƙa biya duk wata. Ko gidan Hajiya in yana da fili, wannan ma zai fi kwantar da hankalin kowa. Duk inda ta kwana, a juya gabanta ga bango ta matse, a karya sitiyari, in akwai wata motar a tare ta da ita.

Yanzu tiraka. A sa mai kyau wadda take aiko da saƙo in an tayar da mota ko ta fita daga iyakar da aka shata mata, kuma a sa manhajar a waya biyu, taki da tasa. In da hali a ƙara ta biyu mai batirin kanta a wani lungu daban, don ɓarayi sun san ana sawa, in sun cire ɗaya sukan saki jiki. Layin wayar da ke cikinta a yi masa rajista da sunanki da lambarki ta NIN, a riƙa sa masa kuɗi, don tiraka da yawa sun mutu ne saboda an bar layin ya rufe ba wanda ya lura. Ƙananan na'urorin bin sawun nan irin AirTag ba su isa su kaɗai ba, da wayoyin mutanen da ke kusa suke aiki, a daji ba su da ƙarfi, kuma sukan sanar da wayar ɓarawon cewa ana bin sa. Ke kuma ki ɗaukar masa alkawari a gaban Hajiya, ki cika: ba za ki buɗe manhaja ki kira shi kina tambayar me ya tsayar da shi a Kawo ba. In kika yi haka sau ɗaya, kin gaskata maganarsa ta farko.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba, kuma ya fi motar muhimmanci. A hanyoyinmu ƙwace da bindiga ya fi satar na'ura haɗari, musamman lokacin da aka tsaya jiran a buɗe get, ko a hanyar ƙauye da yamma. Ki faɗa masa da bakinki, Hajiya tana ji, cewa in aka tare shi ya sauka ya miƙa makulli, kada ya yi gardama, kada ya gudu da shi a aljihu, kuma ba wanda zai tuhume shi. Mutumin da yake jin ana zarginsa yakan yi taurin kai a gaban bindiga don ya wanke kansa. In tirakar tana kashe inji daga nesa, kada a taɓa sai an tabbatar ya kuɓuta daga hannunsu. Kuma ko an ga inda motar take a waya, 'yan sanda ake kaiwa, ba samarin unguwa ba. A kira 112, a je caji ofis mafi kusa nan take.

Takardu kuma ki tattara su tun yanzu. Ki ɗauki hoton lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da lambar inji, da takardar kwastan, da motar ta kowane gefe har da tabon da ku kaɗai kuka sani. Na asali su zauna wurinki, kwafi a mota. A yi mata rajistar CMR, wato kundin motoci na 'yan sanda, wadda yanzu ta intanet ake yi, don ta nan ake sanya alamar mota an sace ta. In har yanzu sunan marigayi ne a takardun, a gyara bisa abin da magada suka amince, a rubuce da shaidu, har da albashin direba da wanda ke ɗaukar kuɗin gyara. Rubutun nan kariya ce gare shi kamar yadda take gare ki, ranar da yaran suka girma suka fara tambaya.

Ki kuma duba irin inshorar da ke kanta. Ƙaramar da doka ta tilasta, wadda ta motar gida ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da kuka yi wa wani kawai take biya, ba ruwanta da sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara. A ce an yi wa taku kuɗi naira miliyan 30, miliyan ɗaya da rabi ke nan. Kuɗi ne mai yawa, na sani, sai ku auna shi da abin da take kawowa. In zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai ta takaful da ake gudanarwa bisa tsarin Musulunci, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Kowacce kuka zaɓa, ku faɗa musu gaskiya cewa motar haya ce, don in aka rubuta ta gida aka zo biya za su iya ƙi.

In duk an yi wannan ya ce shi dai a'a, kada ki karɓi makullin cikin fushi, kuma kada ki janye. Ki ce gwangwani, makullin sitiyari da wurin kwana mai get ba abin ciniki ba ne, daga wannan satin za a fara, tiraka kuma a ba shi wata guda ya yi tunani. In watan ya cika bai sauko ba, a sake zama da liman a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya ɗauki motar haya da kansa, ya riƙa biyan adadi sananne duk wata, da sharaɗin cikakkiyar inshora da tiraka a rubuce, ko a yi mata kuɗi a sayar, a ba Hajiya rabonta, naki da na yara a sa a abin da ba ya tafiya da ƙafa huɗu cikin dare, a kuma cire masa wani abu na sallama da zai ja jari da shi. Kafin nan, yau da daddare ki kira shi ki gaishe shi, ki tambaye shi a ina makullin yake kwana, ki ce kin ji wata dabara ta gwangwani kina so ya gwada ya faɗa miki ko gaskiya ce.